Shawara: In Ci Bashi Don Shafa wa Tsakar Gida Maganin Ruwa?

Wani mai karatu daga Tudun Wada, Zariya, ya aiko da wannan tambaya:

"Assalamu alaikum. Ni ma'aikacin gwamnati ne, ina zaune a gidanmu na gado tare da mahaifiyarmu da iyalina. Shekara biyu da suka wuce ni da 'yan'uwana muka haɗa kuɗi aka shimfiɗa intalok a tsakar gida, aka kuma yi daɓen siminti daga ƙofar ɗakin Hajiya zuwa banɗaki. Tun daminar bara wurin ya fara yin kore, bana kuwa a watan Agusta Hajiya ta zame a kan gansakuka za ta alwalar asuba, ta bugu a ƙugu, amma Allah ya kiyaye. Wani mai aiki ya zo ya duba, ya ce akwai sinadarin da ake shafawa ya toshe ƙofofin siminti, ruwa ya daina shiga, wurin ya riƙa sheƙi kamar tayil, gansakuka kuma ba za ta sake fitowa ba. Ya yi mini jimla naira 480,000, kaya da aiki. Tsakar gidan mita 10 ce a tsawo, 8 a faɗi. Yayanmu da ke Kaduna ya ce almubazzaranci ne, ba zai sa ko kwabo ba. Maiɗakina ta ce in karɓi bashi a ƙungiyar taimakon juna ta wurin aikinmu. Ni kuma hankalina ya ƙi kwanciya tun daga ranar da abin ya faru. Shin kuɗin ya yi daidai? In ci bashin in yi aikin?"

Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya kiyaye gaba, ya kuma saka maka da alheri bisa wannan kulawa. Kafin mu shiga batun siminti, idan har yanzu tana jin ciwo a ƙugun ko tafiyarta ta canza, a kai ta asibiti a ɗauki hoto, domin ƙashin tsofaffi yakan tsage ba tare da an gane ba a ranar farko, ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika ba nisa gare ku.

Amsata a taƙaice ita ce kada ka ci wannan bashi, kuma kada ka biya wannan jimla a yadda aka kawo maka ita. Ban ce mai aikin macuci ne ba, domin mai yiwuwa farashinsa ya yi daidai da irin kayan da yake nufin sayowa. Abin da ya sa na ce ka dakata shi ne, aikin da ya siffanta maka ba shi ne maganin abin da ya kayar da Hajiya ba, har ma akwai fargabar ya ƙara wa wurin santsi. Kai lafiyar mahaifiyarka kake nema, shi kuwa sheƙi ya tallata maka, kuma waɗannan abubuwa biyu ne daban da farashi daban.

Gansakuka ta fi tsira a inda abubuwa uku suka haɗu: danshi mai daɗewa, da inuwa, da ɗan datti da za ta ci. Tana iya fitowa a kan tayil, da kan roba, har da kan gilashi, muddin ruwa yana kwana a wurin, saboda haka wanda ya ce maka shafe siminti zai hana ta fitowa har abada ya faɗi abin da ya wuce gaskiya. Abin da sinadarin yake yi shi ne rage yawan ruwan da simintin yake sha, ya sa ya bushe da wuri, ya kuma sauƙaƙa wanki. Wannan amfani ne na gaske, amma sharaɗinsa ruwan ya samu hanyar fita. Idan ruwa yana taruwa a wani kwari a tsakar gida, to bayan an shafa ma zai ci gaba da taruwa, sai dai a wannan karon ba shi da ko 'yar hanyar da zai bi ya nutse ƙasa.

Ka yi lissafin ruwan da kanka ka ga girman abin. Zariya tana samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, kusan dukkansa tsakanin Mayu da Oktoba, kuma Agusta ne watan marka, lokacin da akan kwana biyu ko uku rana ba ta fito da ƙarfi ba. Milimita ɗaya na ruwa a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce cif. Tsakar gidanku murabba'in mita 80 ce, ke nan tana karɓar kimanin lita 80,000 a kowace damina kai tsaye daga sama, ban da wanda kwanon ɗakuna yake kwararowa. A yawancin gidajenmu na gado ɗakuna ne suke kewaye da tsakar gida, rufinsu kuma cikinta yake zubarwa. Rufin da ya kai murabba'in mita 100, idan aka yi ruwan milimita 30 a dare ɗaya, zai zubo lita 3,000, wato durom 15 na lita 200, kuma duk wannan ruwa ta rariya ɗaya ko biyu ake so ya fice. Babu wani abin shafawa da zai yi maganin rariyar da ta toshe ko ta yi ƙanƙanta.

Don haka aikin farko ba ya buƙatar ko sisi. Bayan an ɗauke ruwa, ko kuma ka sa yara su kwarara ruwa da tiyo ko bokiti, ka ba wurin rabin awa, sannan ka zagaya da gawayi a hannu kana zana da'ira a duk inda ruwa ya tsaya. Ka durƙusa ka leƙa rariyar, ka ga ko bakinta ya fi daɓen tudu, abin da yakan faru idan an shimfiɗa intalok ba a sake saita ta ba, ko kuma ƙasa da leda sun cushe ta daga waje. Ka duba inda indararo yake zuba, domin a nan ne yashin da ke ƙarƙashin intalok yake fara zaizayewa har duwatsun su lotsa. Ka duba wurin wanke-wanke da wurin alwala, waɗanda suke jiƙe ko da rani, da kuma gefen da katanga ko bishiya take yi wa inuwa yawancin yini. Ina kyautata zaton za ka tarar koren bai game tsakar gidan duka ba, yana bin waɗannan wurare ne kawai. Ƙa'idar magina ita ce daɓen waje ya samu gangara ta kimanin santimita ɗaya da rabi zuwa biyu a kowace mita, yana gangarowa daga jikin gini zuwa magudana, ke nan a tsawon mita 10 ya kamata bakin rariya ya fi bakin ɗaki ƙasa da santimita 15 zuwa 20. Birkila da igiya da ma'aunin ruwansa zai gwada maka wannan cikin ɗan lokaci. Alherin intalok kuwa shi ne ana iya ɗaga inda ya lotsa, a ƙara yashi, a daddanne, a mayar da duwatsun nan dai ba tare da an sayi sababbi ba.

Yanzu ga batun sinadarin kansa, wanda ya kasu gida biyu, kuma rashin bambance su shi ne yake jawo wa mutane asara. Kashi na farko shi ne mai kwanciya a saman siminti ya zama kamar fata, irin su akirilik da foliyuretan da epoksi. Shi ne yake ba da sheƙi, ya fito da launin intalok kamar an jiƙa shi, kuma daga bayanin mai aikinka shi yake nufi. Aibinsa na farko a wurinku shi ne yana cike 'yan ramukan da tafin ƙafa yake kamawa, ta yadda idan ruwa ya zuba, musamman ruwan sabulu, wurin yakan fi da santsi, sai fa idan an gauraya masa wani gari mai kaushi da ake sayarwa don hana zamewa. Aibi na biyu shi ne ba ya daɗewa a waje. Akirilik yakan buƙaci sabuntawa bayan shekara ɗaya zuwa uku, rana irin ta Maris da Afrilu a Zariya kuwa ba ta raga masa, epoksi kuma kayan cikin ɗaki ne, idan rana ta dake shi yakan koma rawaya ya dushe. Aibi na uku, wanda ya fi ɓata rai, shi ne idan akwai danshi yana tasowa daga ƙasa, fatar takan tsare shi, sai ka ga wurin ya yi fari-fari yana ɓarewa, cire ta kuma aiki ne mai cin kuɗi da wahala fiye da shafa ta.

Kashi na biyu shi ne mai nutsewa cikin siminti, wanda a jikin jarkarsa za ka ga an ambaci silen ko siloksen. Wannan ba ya sheƙi, ba ya canza kamannin wuri, idan ya bushe ma ba za ka san an shafa komai ba sai ka zuba ruwa ka ga yana dunƙulewa yana gangarewa. Ba ya rage kaushin daɓe, yana barin danshin ƙasa ya fita a matsayin tururi, kuma mai kyau yakan kai shekara biyar ko fiye. Idan har za a shafa wani abu a hanyar da tsohuwa take bi da duhun asuba, to wannan ne kaɗai zan yarda da shi. Ka kuma riƙe cewa babu ɗaya daga cikin biyun da yake ɗinke tsagar siminti ko ya ta da wurin da ya lotsa, dole a gyara waɗannan kafin a kai ga shafawa.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a ƙasar Zazzau. Iyayenmu mata da suke taruwa su yi daɓe da madaɓi suna yayyafa ruwan makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, aikin da suke yi ke nan, wato ƙarfafa fuskar ƙasa don kada ruwa ya ci ta. Amma sai sun gama daddaɓe ƙasar ta kwanta sun fitar mata da gangara kafin makubar ta yi amfani, kuma babu wadda take ɗauka cewa yayyafi ɗaya zai kai ta har tsufa. Sinadarin zamani ma haka yake, shi ne na ƙarshe a jerin aiki, kuma abu ne da ake maimaitawa.

Sai mu zo ga kuɗin. Naira 480,000 a kan murabba'in mita 80 ya kama naira 6,000 kowane murabba'in mita. Wannan adadi shi kaɗai ba zai gaya maka tsada ko araha ba, domin ba ka san abin da ke cikinsa ba, kuma babban kuskuren da masu gida suke yi shi ne karɓar jimla a dunƙule. Ka roƙi mai aikin, cikin mutunci, ya rubuta maka a takarda: nawa ne wanki, nawa ne gyaran inda ya lotsa ko ya tsage, nawa ne yashin da za a cike tsakanin duwatsu, mene ne sunan sinadarin da kamfanin da ya yi shi, lita nawa zai saya kuma nawa kowace jarka, shafi nawa zai yi, sannan nawa ne ladan aikinsa da na yaransa da kuɗin ɗauko kaya. Mai sana'ar da ya san aikinsa ba ya jin haushin wannan tambaya. Idan ya kasa faɗin sunan abin da zai shafa, ya ce kemikal ne dai na musamman, to ka tsaya nan, domin akwai masu shafa man katako ko su tsinka sinadarin fiye da kima, aikin ya yi kyau sati biyu ya ɓace.

Yawan kayan ma kana iya auna shi. Kowane kamfani yana rubuta a jikin jarka yawan wurin da lita ɗaya take rufewa, kuma a kan siminti mai shan ruwa irin na intalok yakan kama wajen murabba'in mita 4 zuwa 8 a shafi ɗaya. Mu ɗauki 5. Tsakar gidanku za ta ci lita 16 a shafin farko, shafi na biyu yakan ci ƙasa da haka, ke nan duka-duka wajen lita 30, wato jarka biyu masu lita 20 har da ragi. Da wannan lissafi a hannunka, ka shiga wurin masu sayar da fenti da kayan gini a Sabon Gari ka tambayi farashin jarkar da ya ambata, ka kuma roƙi Yaya ya tambaya a Kaduna, tunda yana can. Galibin waɗannan sinadarai daga waje ake shigo da su ko kayan haɗa su, kuma tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 farashinsu yake bin canjin dala, saboda haka farashin da za ka dogara da shi shi ne wanda ka ji da kunnenka a makon da za ka saya. Idan ka cire kuɗin jarka biyu daga jimlar, abin da ya rage shi ne wanki da gyara da lada, a nan za ka gane ko an yi maka adalci. Ka nemi aƙalla mutum biyu su ma su kawo nasu lissafin a kan aiki iri ɗaya.

Akwai wani lissafin da ba a cika gaya wa mai gida ba, kuma shi ne ya fi ƙarfi a hujjata ta hana ka cin bashi. Idan mai sheƙin ne, za ka sake shi bayan shekara biyu ko uku. Ko da sabuntawar ba ta kai kuɗin farko ba, ka ɗora wa kanka wata hidima mai dawowa, domin wurin da aka taɓa shafa wa irin wannan fata idan aka bar shi yakan yi dabbare-dabbare, ya fi wanda ba a taɓa ba muni. Idan ka raba 480,000 a kan shekara uku, naira 160,000 ke nan kowace shekara, a kan shekara biyu kuwa 240,000. Ma'aikacin da ake cire masa bashi daga albashi wata-wata yana iya gama biya daidai lokacin da abin ya fara ɓarewa. Ba na ganin hikima a cin bashi don abin da rayuwarsa ba ta fi ta bashin tsawo ba.

Hasali ma ba duk tsakar gidan ce take buƙatar shafi ba. Intalok yakan bar wani ɓangare na ruwa ya bi tsakanin duwatsu, kuma masu shafa masa sinadari galibi don kare launi da hana tabon mai da riƙe yashi suke yi, abin da yake ado ne ba lalura ba. Wurin da ya dame ka shi ne daɓen da ke tsakanin ɗakin Hajiya da banɗaki. Idan, misali, tsawonsa mita 8 ne, faɗinsa mita ɗaya da rabi, murabba'in mita 12 ke nan, wanda lita 5 ta ishe shi shafi biyu. Ka ga bambancin lita 5 da lita 30. Kuma ina da wata tambaya game da wannan daɓe: yaya fuskarsa take? Birkiloli da yawa suna son su barbaɗa garin siminti su goge da cokali har ya yi sumul, domin ya fi kyan gani. Wannan ya dace da cikin ɗaki, amma a waje tarko ne ga tsoho da yaro. Idan haka naku yake, a sassare fuskar, a zuba sabon kwaɓi mai gangara, a ja tsintsiya mai tauri a kansa tun yana ɗanye ta bar zane-zane a gicciye. Buhunan siminti kaɗan da yashi da ladan birkila na kwana ɗaya ko biyu sun isa, kuma wannan kaushin yana nan shekara da shekaru.

Bayan gangara da kaushi, abin da zan sa kuɗi a kai shi ne ƙarfen dafawa. Mai walda zai iya kafa bututun ƙarfe a jikin bango tun daga ƙofarta har cikin banɗaki, a tsayin kimanin santimita 90 daga ƙasa, ko daidai inda hannunta yake sauka. A sa fitila mai aiki da hasken rana a kan hanyar, tunda ba a dogara da wutar lantarki da asuba. A duba silifas ɗinta, domin wanda ƙasansa ya cinye ya yi sumul yana kayar da mutum ko a busasshen wuri. Idan da hali, a yi wa hanyar 'yar rumfar kwano, a kuma sa wa rufin ɗakinta magudanar kwano da bututun da zai kai ruwan har bakin rariya, maimakon ya riƙa dukan daɓen. A lokacin marka kuwa babu laifi a ajiye mata kujera da buta da baho a bakin ƙofa don alwalar dare da ta asuba.

Gansakukar da ke nan yanzu wanki take so. A share wurin, a haɗa ruwan bilic irin su Hypo kashi ɗaya da ruwa kashi biyar zuwa goma, a zuba a bar shi kamar minti goma sha biyar, a dirje da burushi mai tauri, a ɗauraye sosai. A nisantar da kaji da awaki da yara har sai an gama, a sa safar hannu, kuma kada a kuskura a gauraya bilic da ruwan wanke masai mai asid, domin haɗuwarsu tana fitar da iska mai guba. Idan ana yin haka lokaci-lokaci daga Yuli zuwa Satumba a wuraren da ka zana da gawayi, koren ba zai samu damar yin kauri ba.

Game da Yaya, ina ganin yana da gaskiya a rabi. Ya yi daidai da ya ƙi biyan kuɗin sheƙi, amma matsalar da ta kayar da Hajiya tana nan, kuma hakkin uwa a kan dukkan 'ya'yanta yake, ba a kan wanda yake zaune da ita kaɗai ba. Mai yiwuwa abin da ya ji a waya adadi ne kawai mai nauyi a kan aikin da suka riga suka biya shekara biyu da suka wuce, kuma kowa zai ja da baya a haka. Kada ka koma masa da gardamar wancan kuɗi. Ka je masa da ladabin da ƙane yake zuwa wa yayansa, ka ce ka bi shawararsa ka fasa wancan aikin, ga kuma abin da ka gano da ka duba. Ka aika masa hoton wuraren da ruwa yake kwanciya, da takarda mai ɗauke da gyaran rariya da gangara da ƙarfen dafawa, kowanne da farashinsa. Ka tuna masa cewa ruwan da yake kwana a gindin bango ba Hajiya kaɗai yake yi wa barazana ba, yana jiƙa harsashin ginin da yake na dukkan magada, alamarsa kuwa ita ce fentin da yake kumbura da farin gishirin da yake fitowa a ƙasan bango. Zai fi kyau ma ya zo ya gani da idonsa, tunda Kaduna da Zariya tafiyar kimanin kilomita 80 ce. Sauran 'yan'uwan da suka sa hannu a aikin farko su ma a sanar da su, kowa ya kawo gwargwadon ƙarfinsa.

Maiɗakinka kuwa kada ka ɗauki maganarta a matsayin son ado. Ita ce take yini a wannan tsakar gida, ita take ganin fitar Hajiya da shigarta, wataƙila ita ce take dirje koren, kuma idan aka sake faɗuwa ita ce za ta fara jin ƙarar. Ka zaunar da ita ka nuna mata wannan lissafi, ka tambaye ta inda ruwa ya fi daɗewa, domin ta fi ka sani. Idan bayan an haɗa abin da 'yan'uwa suka kawo akwai ɗan giɓi, to ƙaramin rance don rariya da ƙarfe, waɗanda za su yi shekaru suna aiki, abu ne da za a iya karewa. Ina kuma so ka sassauta wa kanka. Wanda mahaifiyarsa ta faɗi a gabansa yakan ji kamar sai ya kashe kuɗi mai yawa zai wanke kansa, masu tallar aiki kuma sun san wannan hali, amma yawan kuɗin ba shi ne ma'aunin kulawarka ba.

Idan kun gama gyaran kuka ga har yanzu kuna son shafa mai nutsewar a kan hanyar Hajiya da wurin wanke-wanke, to lokaci yana da muhimmanci. Ba a yin wannan aiki da damina. Sabon siminti yana buƙatar kwana 28 kafin a shafa masa komai, wurin kuma ya zama a bushe ƙarau. Watan Nuwamba ya fi dacewa a Zariya, ruwa ya ɗauke, ƙurar hunturu ba ta yi ƙarfi ba tukuna, domin ƙura tana mannewa a kan ɗanyen shafi. Kafin a fara, ka shimfiɗa leda a kan daɓen, ka manne gefunanta da salatif, ka bar ta ta kwana. Idan da safe ka tarar da raɓa a ƙarƙashinta, danshi yana tasowa, sai a ƙara jira. A gwada sinadarin a murabba'in mita ɗaya a wani lungu, bayan ya bushe a zuba ruwa ka taka da ƙafarka ka ji. A yi shafin da safe ko da yamma, ba a tsakar rana da siminti ya ɗau zafi ba, a yi shi siriri sau biyu maimakon mai kauri sau ɗaya. Wasu nau'o'in suna da wari mai ƙarfi kuma suna kama wuta, saboda haka a ɗauke murhu da tukunyar gas daga wurin, a kuma tanadar wa Hajiya wata hanyar ta kwana ɗaya ko biyu.

Kayan ka saya da kanka, jarka a rufe da hatiminta, ka duba ranar lalacewarta, ka ajiye rasit. Mai aiki a yi jinga da shi a kan lada kawai, a ba shi ɗan kafin alƙalami, cikon kuma sai bayan an zuba ruwa kun ga yana dunƙulewa a ko'ina. Ragowar sinadarin ka toshe ta da kyau ka ajiye a inuwa inda yara ba sa kaiwa. Daga nan kowace shekara a watan Afrilu, kafin ruwan farko, ka zuba kofin ruwa a kan daɓen. Idan ya tsaya ƙwaya-ƙwaya, shafin yana nan da ƙarfinsa. Idan simintin ya shanye shi ya yi duhu nan take, lokacin sabuntawa ya yi, kuma a lokacin lissafinka na lita biyar ne da rola ɗaya, aikin da kai da wani yaro za ku gama kafin azahar.